Sunan Aro a Babi na Huɗu

A zangonta na ƙarshe a jami'a, Mu'mina ta kamu da son wani darasi kamar yadda 'yan ajinsu ke kamuwa da son samari. Darasin fataucin mutane ne da bautar zamani, wanda Dakta Jonathan yake koyarwa ranar Talata da Alhamis a wani ɗaki mai fanka ɗaya. Dogon mutum ne ɗan kudancin Borno, mai furfura a gefen kunne, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana. Mu'mina tana zama a layin gaba, tana rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa, har tarinsa ma da za a iya rubutawa da ta rubuta. Ta karanta labarin yaran da ake rufewa a gonakin koko, da matan da ake ƙwace wa fasfo a ƙasashen Larabawa, da masuntan da suke shekara biyar a teku ba su taka ƙasa ba. Ta yi kuka a laburare fiye da sau ɗaya, ta kuma ji daɗin kukan, domin yana tabbatar mata cewa zuciyarta mai kyau ce.

Ranar da Dakta ya amince da taken kundin bincikenta, ya cire tabarau ya dube ta.

"Ba sai kin je Indiya ba, Mu'mina. Abin yana nan bayan gidanku. Amma ki saurara. Wanda ya ba ki labarinsa, wuyansa ya miƙa miki. Ki canza suna, ki canza gari, ki canza fuska. Ko uwar da ta haife shi ta karanta, kada ta gane ɗanta."

Ta rubuta wannan ma, ta ja masa layi biyu a ƙasa.

Shekarar dubu biyu da goma sha bakwai ce. Maiduguri ta cika ta batse da mutanen da suka gudo daga ƙauyuka, kuma tun da aka fara aiko 'yan mata ɗauke da bam a ƙarƙashin hijabi, babu kalmar da ta kai "ta zauna a daji" haɗari a bakin mutane. Duk macen da aka san 'yan ta'addan da ake kira yaran daji sun taɓa riƙe ta, ko da a ɗaure suka riƙe ta, ba a ba ta aiki, ba a ba ta haya, ba a cin abincin da ta dafa. Mu'mina ta san haka. Shi ne ma babi na biyu na kundinta.

Ta zaɓi Kasuwar Kifi ta Baga Road, rumfar wani dillali mai suna Alhaji Madu, abokin mahaifinta na nesa. A bayan rumfar mata tara suke zama a kan kujerun tsuguno, suna kakkaɓe bandar kifi da ɗan buroshi, suna ware tarwada daga karfasa, suna jera su a kwali. Dukansu 'yan gudun hijira ne, kuma Alhaji ya ba su ɗakuna uku a wani kangonsa da ke kusa. Wurin zama da wurin ci duk a hannunsa suke.

Wadda ta fara karɓarta ita ce Yagana, wata mata 'yar Konduga mai wushirya da dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano. A bayan hannunta na hagu akwai tabon ƙuna mai siffar ganye. Ita ta tashi ta ba Mu'mina kujerarta, ta zauna a kan buhu.

"Fero," ta ce, wato yarinya da Kanuri, kuma sunan ya bi Mu'mina ke nan, "wannan farar laffayar taki a nan za ta mutu. Gobe ki zo da tsumma irin namu. In kuma miji kike nema, kin yi ɓatan hanya, duk wanda ke nan warin kifi ya riga ki aure shi."

Matan suka kwashe da dariya. Mu'mina ta tambaye ta tabon, Yagana ta ɗaga hannun kamar mai nuna awarwaro.

"Tukunyar ƙosai ce. Ranar da suka shigo Konduga ina tuya, na ce ba zan bar musu mai na ba. Ga abin da rowa ta jawo mini. Na goya tsohuwata makauniya, na ja 'ya'yana mata biyu, muka tako har nan da ƙafa."

Mako uku Mu'mina tana zuwa. Kowacce ta gaya mata yadda ta gudu, babu wadda ta ce an taɓa kama ta. Littafin rubutunta ya cika da gudu, kuma gudu ba shi ne taken bincikenta ba. Sai ranar da ta ce musu gobe ba za ta dawo ba, wata siririyar mata mai suna Aisa, wadda ba ta taɓa ce mata komai ba sai sannu, ta taɓa gefen laffayarta.

"Raka ni in yi alwala."

Aisa ce ke kwana ɗaki ɗaya da Yagana. Tana da 'ya ɗaya, Jannat, 'yar shekara uku, wadda ba ta rabuwa da gindinta. Ta kai Mu'mina bayan tarin kwalayen da ba kowa, ta zaunar da yarinyar a cinyarta.

"Kin ce ba za a san mai magana ba."

"Ba za a sani ba, Ya Aisa."

"Rantse."

Mu'mina ta rantse da Alƙur'ani, idonta har ya kawo ruwa saboda girman abin. Ta kunna rikoda.

Aisa ta yi magana kusan awa ɗaya da murya ɗaya, kamar mai lissafa kayan miya. An kama ta a wani ƙauye bakin tafki bayan an yanka mijinta. An kai ta wani tsibiri inda mata talatin suke bandar kifi daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Wadda kifinta ya ƙone, shi za ta ci har ya ƙare. Kowane kwali da suka cika ana ɗaura masa jan zare a kusurwa ɗaya, don masu karɓa a gari su san na wane ne. An sayar da ita sau uku: na farko a kan jarkar fetur biyu, na biyu a kan tayar babur, na uku a kan buhun gishiri, kuma kowane lokaci a gabanta aka yi cinikin. A hannun na biyun ta sami cikin Jannat. Ana kwashe yara daga jikin uwayensu idan barci ya ɗauke su, don haka ta koyi ɗaure ƙafar jaririyar da tata ƙafar da tsumma, har yau kuma ba ta iya runtsawa sai ta ɗaura.

"Me ya sa kika gaya mini?" Mu'mina ta tambaya tana share hawaye.

"Ya yi mini nauyi. Ke kuma tafiya za ki yi."

Mu'mina ta rubuta babi na huɗu cikin kwana biyar, kuma ta san tun tana rubutawa cewa ba ta taɓa rubuta abu mai kyau irinsa ba. Da ta zo wurin ɓoye mai labarin, ta tuna dokar Dakta. Suna, gari, fuska. Ta ciji biro. Wane suna? Rabin matan Borno Yagana ne, babu sunan da ya fi shi ɓacewa cikin taro. Kuma a ƙasan zuciyarta ta ji wani ɗumi: za ta sa sunan matar da ta ba ta kujera, ya zama godiyar da babu wanda zai gane sai ita. Gari kuma? Konduga ya faɗo mata, domin ya yi nesa da tafki. Fuska ce ta ba ta wahala. Aisa ba ta da abin da alƙalami zai kama, mace ce da ta ƙware wajen zama ba a ganinta. Sai Mu'mina ta rubuta: "Tana da wushirya, kuma a bayan hannunta na hagu akwai tabon ƙuna mai siffar ganye, kamar wutar bandar ta sa mata hatimi." Ta karanta jimlar sau uku. Ta yi kyau ƙwarai. Aisa ta ɓace ɓat, ko uwar da ta haife ta ba za ta gane ta ba.

Dakta Jonathan ya karanta, ya rubuta da jan biro a gefen jimlar: madalla.

A ƙarshen zango sashensu na jami'a ya shirya taron da ake kira mayar wa al'umma sakamako. Wata ƙungiya daga waje ce ta kawo lemo da kujerun roba, aka gayyaci masu unguwanni, da limamai, da fastoci, da shugabannin kasuwa. Aka zaɓi ɗalibai uku su karanta aikinsu da Hausa. Mu'mina da kanta ta kai wa Alhaji Madu katin gayyata, don ya ga abin da ya fito daga rumfarsa. Ya zo da babbar riga da hula mai tsada, aka zaunar da shi a layin gaba.

Ta tsaya, ta ce, "Wannan labarin wata baiwar Allah ce da na kira Yagana. Ba sunanta na gaskiya ba ne." Sai ta fara. Muryarta ta yi rawa daidai inda ya kamata. Wata farar mata daga ƙungiyar tana sauraron mai fassara tana dafe ƙirji. Da Mu'mina ta kai kan jan zare, ta ga Alhaji ya daina kaɗa ƙafa. Da ta kai kan wushirya da tabo, ta ga ya sunkuyar da kai yana kallon carbinsa, sai ta ɗauka tausayi ne ya kama shi. Lokaci ya ƙare kafin ta kai shafi na ƙarshe, aka yi mata tafi har wasu suka miƙe.

Bayan kwana biyu ta sayi lemo da biskit ta nufi kasuwa don ta yi wa matan godiya. Ta sami mata takwas. Kujerar Yagana tana kife a kan buhu. Ta yi sallama, aka amsa a ciki-ciki, babu wadda ta ce mata fero.

"Ina Ya Yagana?"

Wata dattijuwa a cikinsu ta ci gaba da kakkaɓe kifi. "Ke za mu tambaya. Ke kika san ta fiye da mu. Shekara biyu muna ci a kwano ɗaya da ita, tana ba mu labarin ƙosai."

Daga bakin dattijuwar ta ji sauran. Alhaji ya dawo daga taro ya kira masu gadin kasuwa. Sun tafi da Yagana, sun riƙe ta yini guda suna tambayarta wa ya aiko ta. Da suka sake ta, ta tarar da kayanta a ƙofar kango, da tsohuwarta makauniya zaune a kan ƙullin tabarma, da 'ya'yanta biyu. Yaran unguwa suna kiransu annoba, suna jifa.

Mu'mina ta dubi Aisa. Aisa tana jera tarwada a kwali, ɗaya bayan ɗaya, kai da jela, hannunta ko rawa ba ya yi. Jannat tana maƙale da zaninta.

Alhaji Madu yana gaban rumfa a kan darduma, yana shan shayi. Ya tarbe ta da fara'a.

"'Yar Malam. Kin yi mana aiki, Allah ya yi albarka. Maciji a cikin kwalina ban sani ba."

"Baba Alhaji, ba ita ba ce. Na faɗa a gaban kowa, ba sunanta ba ne."

"Na ji kin faɗa. Haka 'yan boko suke yi, ku faɗi abu ku ce ba ku faɗa ba. To tabon ma ba nata ba ne? Wushiryar ma aro ce?"

"Aro ce, wallahi. Ni na ɗora wa mai labarin su, don kada a gane ta."

Ya ajiye kofin. "Wato kin cire rigar mai laifi kin sa wa marar laifi."

"Ita ma ba ta da laifi, Baba. Kama ta aka yi."

"Ba mu zo nan ba tukuna. Kin ce ba Yagana ba ce. Na yarda. A rumfata kika yi mako uku, ba ki je ko'ina ba. Mata takwas suka rage. Faɗi wace ce, yanzu in aika a dawo da Yagana da kayanta, in ba ta haƙuri a gaban kowa."

Mu'mina ta waiga. Ta ji ƙarar buroshi daga bayan rumfa, kas, kas, kas, sai ta lura ƙarar ta ragu, ana saurare.

"Babu kowa," ta ce. "Ni na ƙirƙiro labarin. Duk ƙarya ce, don in sami maki."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta motsa. Sai ya matso, ya rage murya.

"Fetur da taya kina iya ƙirƙirowa. Amma jan zare a kusurwar kwali, 'yata, ba a littafi ake karanta shi ba. Wadda ta gaya miki, da hannunta ta ɗaura."

Ta buɗe baki za ta tambaye shi shi kuma a ina ya karanta, sai ta ga idonsa. Babu dariya a ciki. Ta gane cewa ba bam yake tsoro ba. Abin da ba ya so shi ne a rumfarsa a sami macen da za ta iya duban kwali ta san daga inda ya fito.

"Ki gaida Malam," ya ce, ya ɗauki kofinsa.

Dakta Jonathan ya saurare ta har ta gama, yana juya tabaransa a hannu.

"Na ce ki canza fuska. Ban ce ki ciro ta wata ki manna ba."

"Kai ka rubuta madalla a wurin, Dakta."

"Na ɗauka daga kanki ta fito." Ya mayar da tabaransa. "Ba za ki bayyana mai labarin ba, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Za mu gyara babin kafin a ɗinke. Ki sa wani suna, ki cire tabon."

"Ita kuma Yagana?"

"A takarda, Yagana ba ta cikin waɗanda kika yi hira da su. Ba ta sa hannu a komai ba. Sashe ba shi da hurumi a kanta." Ya ga fuskarta, ya sassauta. "Zan yi wa mutanen ƙungiyar magana, ko za su sa ta a jerin masu karɓar abinci. Sai dai jerin na waɗanda aka taɓa kamawa ne."

Kwana huɗu ta yi tana nema kafin ta same su, a wani kangon shago can bayan Kasuwar Kwastam, babu ƙofa, an rataye buhu. Rana tsaka ce. Tsohuwar tana kwance tana kiran sunan Allah. 'Yan matan biyu sun fita roƙon ruwa. Yagana tana zaune ta jingina da bango, leɓenta a kumbure, ɗaya daga haƙoran da suke yin wushiryar ya karye.

Mu'mina ta durƙusa tana kuka, tana ba da haƙuri da Hausa da Kanuri, tana gaya mata yadda suka yi da Alhaji. Yagana ta bar ta ta gama.

"Fero, kukan ya isa, ba ni da ruwan da zan ba ki ki mayar. Wace ce?"

"Na rantse da Alƙur'ani, Ya Yagana."

"Ni ba ki rantse mini da komai ba, ko? Kujera kawai na ba ki." Ta taɓa leɓenta. "Sun yi ta tambayata tsibirin, ni ko kwalekwale ban taɓa shiga ba. Suka ce ina taurin kai. To tunda labarina ne, karanta mini. Kowa a garin nan ya san abin da ya same ni sai ni."

Kundin yana cikin jakarta. Mu'mina ta ji cewa wannan ne ƙaramin abin da za ta iya yi, haƙƙi ne ma. Har ta hango yadda abin zai kasance: Yagana za ta ji irin azabar da wata 'yar'uwarta mace ta sha, zuciyarta za ta karye, za su rungumi juna su uku cikin wannan baƙin ciki, ko da ɗayar ba ta nan. Ta buɗe babi na huɗu ta fara fassarawa. Wannan karon babu mai duba agogo. Ta wuce fetur da taya da gishiri, ta wuce inda ta tsaya a taro, ta shiga shafi na ƙarshe, inda mai labarin take cewa har yau ba ta iya runtsawa sai ta ɗaure ƙafar 'yarta da tata.

Ta ji numfashin Yagana ya tsaya. Ta ɗago.

"Da tsumma," Yagana ta ce a hankali. "Shuɗi. Na ce mata, Aisa, yarinyar nan akuya ce? Ta ce yawon barci take yi." Ta yi wata 'yar dariya ta cikin karyayyen haƙorin. "Ita ta ɗaure mini kayana, in ji 'ya'yana. Ita ta riƙo hannun tsohuwata ta fito da ita ƙofa. Ta ce mini, Allah ya bayyana gaskiya."

"Ya Yagana, don Allah. Tana da 'ya ƙarama."

"Ni nawa duwatsu ne?"

Ta miƙe ta yafa laffayarta. Mu'mina ta kama gefen, Yagana ta dubi hannun har sai da ta saki.

Yagana ta tari keke mai ƙafa uku, Mu'mina ta bi ta a wani keken daban, amma shingen bincike ya tsare su kusan rabin awa. Da ta isa rumfar an riga an gama. Masu gadi sun tafi da Aisa, da yarinyar a kafaɗar ɗayansu tana tsala ihu. Yagana tana tsaye a gaban dardumar Alhaji, ta riga ta ɗauko kujerarta ta riƙe a hannu.

"Ajiye," in ji Alhaji.

"Ka ce in aka faɗi wace ce zan dawo. Fero ta gaya mini alkawarinka, matan nan ma sun ji."

"Ita na ce ta faɗa, ba ke ba. Shekara biyu kuna ɗaki ɗaya, kina ganin tana ɗaure yarinya, ba ki taɓa zuwa kin gaya mini ba sai da wuta ta taɓa ki. Ko kin sani kin ɓoye, ko ba ki da ido. Duka biyun ba na buƙata. Kuma mutane sun riga sun ji sunanki, wa zai sayi kifin da kika taɓa?"

Yagana ta ajiye kujerar a hankali, ta daidaita ta da ƙafa kamar wata za ta zo ta zauna. Ta wuce ta gefen Mu'mina ba ta dube ta ba. Washegari da Mu'mina ta koma kangon shagon, buhun ma an cire.

An ɗinke kundin da baƙar fata da rubutun ruwan zinare. A ciki mai labarin ta koma Dorothy, 'yar wani gari da babu shi, ba wushirya, ba tabo. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a don ya duba ya ce bai ga aikin ɗalibi mai rai irin wannan ba cikin shekara goma. An liƙa sakamako a allon sashe ranar Litinin.

Ranar Laraba ta ga Aisa. A bakin titi ne kusa da gada, inda mata suke zama a rana da kwano a gabansu. An aske mata kai, ɗankwalin bai rufe duka ba. Jannat tana kwance a kan kwali, kuma tsakar rana ce, ido biyu, amma shuɗin tsumman yana ɗaure daga ƙafar yarinyar zuwa ta uwar.

Mu'mina ta sa mai keke ya tsaya. Ta tsugunna a gabanta, ta rasa da wace kalma za ta fara, duk da kalmomin da ta tara a shekara huɗu.

"Ban faɗi sunanki ba, Ya Aisa. Wallahi ban faɗa ba."

"Na sani. Kin cika rantsuwarki." Muryar nan ce dai ta bayan kwalaye, ba hawa ba sauka. "An karɓi aikin?"

"An karɓa."

"Me aka ba ki?"

Mu'mina ta kau da kai tana duban titi.

"Faɗa mini. Waɗancan ukun duk a gabana aka yi, na san abin da aka bayar. Wannan ne kawai ban ji ba."

"Maki ne," Mu'mina ta ce, da ƙyar. "Harafi ne ake rubutawa. Na farko."

"Harafi." Aisa ta jinjina kai, kamar tana auna shi da fetur da taya da gishiri. "Babba ne?"

"Babu wanda ya fi shi."

"To madalla," ta ce. Ta gyara ƙullin tsumman a ƙafar 'yarta, ta ja kwanonta gefe. "Matsa kaɗan, kin tare ni. Masu wucewa ba sa ganina."